Takwara a Gida, Shari'a a Kasuwa: Sharhi a Kan Raɗa wa Buɗaɗɗiyar Manhaja Suna

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan samarinmu da 'yammatanmu da suka ƙware a aikin kwamfuta sun duƙufa wajen rubuta manhajoji domin amfanin masu magana da Hausa. Wani ya yi ta ƙamus, wani ta gyaran rubutu, wani kuma ta mayar da magana rubutu. Da yawansu suna sakin aikin nasu a buɗe, watau kowa na iya duba yadda aka rubuta shi, ya kwafa, ya gyara, ya kuma raba wa wasu, galibi ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wannan abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai akwai wani sashe na aikin da ake yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne sunan da za a raɗa wa manhajar.

Kwanakin baya wasu tsofaffin ɗalibaina su uku, mazauna Barnawa a kudancin kogin Kaduna, suka kawo mini wata manhaja da suka shekara biyu suna haɗawa, mai gano kurakuran rubutun Hausa. Aikin ya yi kyau, ba ni da abin cewa a kansa. Da muka zo kan suna, sai na ga sun ɗauko sunan wata shahararriyar manhaja ta wani kamfanin Amurka, sun manna mata kalmar "Hausa" a gaba. Na tambaye su dalili, sai babbansu ya ce, "Malam, ai takwara muka yi mata, don mutane su gane irin aikin da take yi."

Wannan amsa ita ce mafarin wannan maƙala. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, lasisin buɗaɗɗiyar manhaja rubutunta yake saki, ba ya sakin sunanta. Al'adarmu ta yin takwara, wadda take girmamawa ce a gida, tana iya zama laifi a kasuwa. Sa'an nan ita kanta Hausa tana da maganin wannan matsala, tana kuma da nata tarkuna da ya kamata a sani.

2.0 Abin da aka saki da abin da aka riƙe

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne haƙƙin mallaka, wanda yake kare abin da mutum ya rubuta, littafi ne ko manhaja, don kada wani ya kwafa ba da izininsa ba. Na biyu shi ne tambarin kasuwanci, watau suna ko alama da ke shaida wa mai saye hannun da kaya suka fito. Doka dabam take kula da kowanne, ofis ma dabam.

Ita wannan kalma ta tambari ta isa ta yi mana rabin bayanin. Asalin tambari ganga ce ta sarauta, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki. Wanda ya jiwo ta daga nesa ya san wanda ya fito, ko da bai gan shi ba. Da za a kaɗa wa wani da ba sarki ba, to an yaudari kunnen gari ke nan. Aikin tambarin kasuwanci bai wuce haka ba: kare mai saye daga ruɗi, da kare mai kaya daga wanda zai ci da sunansa.

Lasisan buɗaɗɗiyar manhaja, irin su GPL wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, da na Apache, duk a kan abu na farko suke magana. Marubuci ne yake cewa ya yafe wa jama'a kwafa da gyara da rabawa bisa wasu sharuɗɗa. Game da abu na biyu kuwa, lasisin Apache na biyu, na shekarar 2004, ya faɗa ɓaro-ɓaro a sashensa na 6 cewa bai ba kowa izinin amfani da suna ko tambarin mai aikin ba, sai dai gwargwadon abin da ake bukata don a bayyana asalin aikin. GPL na uku, na 2007, shi ma ya bar wa marubuci damar gindaya irin wannan sharaɗi.

Wani na iya ganin kamar rowa ce, a ba ka doki a hana ka linzami. Amma in aka duba da kyau za a ga hikimar. Tun da kowa na iya sauya rubutun, har da mai ɓarna da maras ƙwarewa, ba abin da ya rage wa mai amfani da zai dogara da shi in ba suna ba. A shekarar 2006 aka sami saɓani tsakanin Mozilla, masu manhajar Firefox ta shiga intanet, da ƙungiyar Debian, wadda take yi wa manhajar wasu gyare-gyare kafin ta raba. Mozilla ba ta hana su gyara ba, domin lasisi ya ba su dama. Abin da ta ce shi ne ba za a kira abin da aka gyara Firefox ba sai ta amince da gyaran, sai kuma an haɗa da alamarta. Debian ta sauya wa tata suna zuwa Iceweasel, aka yi shekara goma a haka, sai a 2016 aka daidaita sunan ya dawo. Dukansu biyu masu raba manhaja kyauta ne, amma suna ya raba su.

3.0 Darasi daga Kakuri

Mutumin Kaduna ba ya bukatar a kai shi Amurka kafin ya fahimci wannan magana, domin ya ga irinta a ƙofar gidansa. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. A tsakiyar shekarun 1960 Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya, har kudancin kogi ya zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan.

Saƙa ba asirin kowa ba ce. Auduga ɗaya ce, injuna iri ɗaya ne, zanen fure kuwa da ya fito kasuwa an gan shi ke nan. Abin da ke rarrabe turmin wannan masaƙa da na waccan shi ne rubutun da ke gefen atamfa da takardar da aka manna mata. Shi ya sa mace in ta je sayen zane takan warware turmi ta duba gefensa kafin ta taya, ta san ko Holan ce, ko Ingila, ko 'yar gida. Sa'ad da aka fara shigo da atamfofin kwaikwayo ta ɓarauniyar hanya, ɗauke da zane da tambarin masaƙun da ba su suka yi su ba, sai asara ta zama biyu. Mai saye ta biya kuɗin mai kyau ta tafi da mai zuba, masaƙa kuma ta rasa ciniki, ta kuma ɗauki zagin kayan da ba ta taɓa gani ba. Ba mu ce wannan kaɗai ne ya durƙusar da masaƙun ba, domin akwai rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da tsufan injuna. Amma yana cikin dalilan. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, Kakuri da Makera da Nasarawa kuma suka ji a jikinsu. Manhaja ta fi atamfa sauƙin kwaikwayo nesa ba kusa ba, saboda haka ta fi ta bukatar rubutun gefe.

Darasi na biyu ma a Kakuri yake. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a can. Bafaranshe yana da yadda yake faɗar sunan, Bature na Ingila yana da nasa, Bahaushe kuwa ya ce Fijo, ya zauna a haka. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ma sai ya yi mata laƙabi, ya ce a-kori-kura. Haka ya yi wa Macleans ya ce makilin, ya yi wa Vaseline ya ce basilin. Bai tsaya nan ba, sai ya mai da makilin sunan kowane man goge baki, omo sunan kowane garin wanki, magi sunan kowane ɗanɗanon miya na kanti, ko wane kamfani ne ya yi shi. A wurin masanin harshe wannan faɗaɗar ma'ana ce kawai. A wurin mai tambari kuwa abin tsoro ne, domin sunan da ya zama na kowa yana iya fita daga hannun mai shi, kamar yadda kamfanin Bayer ya rasa kalmar aspirin a wata kotun Amurka a 1921. Abin lura a nan shi ne, mai kaya sunan yanka kaɗai yake raɗawa. Wanda kasuwa za ta kira, bakin jama'a ne yake sassaƙa shi, don haka tilas mai raɗa suna ya ji yadda zai fito daga wannan baki tun kafin ya yanka rago.

4.0 Takwara da abin da take jawowa

A gidan Bahaushe ba a ƙirƙirar sunan yanka. Ranar bakwai ake zaɓo shi daga cikin sanannun sunaye, sau da yawa na kaka ko na malami ko na wani aminin uba. Wanda aka yi wa takwara murna yake yi, har ya yi wa jariri ɗinki. In kunya ta hana kiran sunan, sai a ce Abba ko Ummi ko Mai-sunan-Malam. In Musa ya yi yawa a unguwa, laƙabi ya raba gardama, ga Musa Dogo ga Musa Tela. Ba a taɓa jin wanda ya kai ƙara don an sa wa yaro sunansa ba. Da wannan tarbiyya ɗaliban nan nawa suka tunkari manhajarsu, kuma ba su da laifi a niyya.

Dokar kasuwa ba ta tambayar niyya. Tambayarta ɗaya ce: shin mai saye zai iya ruɗewa ya zaci wannan daga gidan wancan ya fito? Kotunan ƙasar nan sun daɗe da amsa ta. A 1961 aka hana wani kantin magani a Onica amfani da sunan Nigeria Chemists, saboda akwai Niger Chemists da ya riga shi a gari ɗaya, a sana'a ɗaya. A 1968 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a yi rajistar Casorina a matsayin sunan magani, saboda ya yi kusa da Castoria wanda aka riga aka sani. A lura, ba sai sunaye sun zama ɗaya ba, kusanci a ido ko a kunne ya isa. Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne, amma a wannan fage kamar ita ce laifin.

Tarihin buɗaɗɗiyar manhaja cike yake da irin wannan. Ita Firefox da muka ambata, sunanta na uku ke nan. Ta fito a 2002 da sunan Phoenix, sai kamfanin Phoenix Technologies ya yi magana. A 2003 aka mai da ita Firebird, sai masu wata buɗaɗɗiyar manhajar rumbun bayanai mai wannan suna suka ce ba su yarda ba. Sai a watan Fabrairu na 2004 aka tsaya a kan Firefox. Wanda ya fi kama da na mutanen Barnawa shi ne na Gaim, manhajar aika saƙo wadda ta ɗebo sunanta daga AIM ta kamfanin AOL don mutane su gane aikinta. Bayan shekaru ana ja-in-ja da lauyoyi, a 2007 ta koma Pidgin. Akwai kuma Lindows, wadda aka gina a kan Linux aka raɓa ta da sunan Windows. Microsoft ya kai ƙara a 2001, aka sasanta a 2004, ya biya dala miliyan 20, sunan ya koma Linspire. Su sun sami kuɗi domin suna da ƙarfin tsayawa a kotu shekara biyu da rabi. Samari uku a Barnawa ba su da wannan ƙarfi. Wasiƙar lauya ɗaya, ko ƙorafi ɗaya ga masu kasuwar manhajojin waya, ya isa a sauke aikinsu.

Sauya suna bayan an shahara kuwa ba ƙaramar asara ba ce. Adireshin intanet zai sauya, littafin bayani zai sauya, duk wata manhaja da ta jingina da taka sai an taɓa ta. Mafi tsada shi ne abin da ke kan mutane. A ƙasar Hausa labarin abu daga baki zuwa baki yake yaɗuwa, da rediyo, da majalisa. Malamin makaranta a Funtuwa da ya gaya wa abokansa goma sunan farko ba zai koma ya bi su ɗaya-ɗaya da na biyu ba.

Ba a hana mutum ya faɗi gaskiya game da aikinsa ba. Yana iya rubutawa a cikin bayani cewa manhajarsa tana aiki tare da wance, ko tana buɗe takardun wance. Abin da ake gudu shi ne ya sa sunan wani a cikin nasa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

5.0 Wane ne uban suna?

Akwai matsala ta biyu wadda ba daga waje take zuwa ba. Ko da suna ya kuɓuta daga na kowa, sai a tambaya, a hannun wa yake? Gerald Combs ya fitar da manhajar Ethereal ta binciken zirga-zirgar saƙonni tsakanin kwamfutoci a 1998. Da ya sauya wurin aiki a 2006, sai ya tarar tambarin na tsohon kamfaninsa ne. Ya tafi da rubutun, domin a buɗe yake, ya bar sunan, aikin ya koma Wireshark. Haka aka yi da Hudson: bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010, aka sami saɓani a kan wanda ke da iko da sunan, sai masu aikin suka kaɗa ƙuri'a a farkon 2011 suka koma Jenkins. Ita kanta Linux ba ta tsira ba. Wani mutum a Amurka da ba shi da hannu a aikin ya riga kowa yin rajistar sunan, a 1996 ya fara aika wasiƙu yana neman a biya shi, sai a 1997 aka sasanta aka miƙa tambarin ga Linus Torvalds.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin ayyukan samarinmu a kan amana ake fara su. Ɗaya ya sayi adireshin intanet da kuɗinsa, ɗaya ya zana alama, ɗaya kuma yana aiki a wani kamfani ko wata jami'a yana rubuta manhajar da kwamfutar ofis. Muddin ana shiri ba mai tambaya. Ran da kuɗin tallafi ya shigo, ko aka ɓata, ran nan za a san cewa ba a taɓa rubuta komai ba. Manyan ayyuka sun magance wannan ta hanyar danƙa suna ga wata gidauniya, kamar yadda gidauniyar Apache take riƙe da sunayen ayyukanta. A nan gida dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da damar yin rajistar ƙungiya mai amintattu, wadda za ta iya riƙe suna a madadin kowa. In hakan ya yi nauyi, ko takarda ɗaya da kowa ya sa wa hannu ta fi babu.

6.0 Magani da tarkon da ke cikin Hausa

Shawarar da aka saba ba masu manhaja a ƙasashen Turai ita ce su ƙirƙiro kalmar da ba ta da ma'ana a kowane harshe, irin Kodak. Ta fuskar doka shawara ce mai ƙarfi. Dokar tambarin kasuwanci ta Nijeriya ta 1965, a sashe na 9, ta lissafa ƙirƙirarriyar kalma cikin abubuwan da ake karɓa. Amma a ganina ba ta dace da mu ba ɗungurungum. Kalmar da ba ta da ma'ana baƙuwa ce a kunnen Bahaushe, kuma mun ga abin da yake yi wa baƙin kalmomi. Ba ya rarrabe "p" da "f", yana mai da "v" ta zama "b", yana kuma cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe. Saboda haka sunaye biyu da suka bambanta a takardar Turanci suna iya zama ɗaya a kasuwar Kakuri, ruɗin da ake gudu ya shigo ta taga.

Shi wannan sashe na 9 ya buɗe wata ƙofa da ta fi mana. Ya yarda da kalmar da ba ta nuni kai tsaye ga irin kayan ko ingancinsu, muddin a ma'anarta ta yau da kullum ba sunan wuri ba ce, ba kuma sunan dangi ba. Watau ana iya ɗauko kalma ta asali daga wani fage a ɗora ta a kan manhaja ta hanyar siffantawa. Haka aka yi da Ubuntu, kalmar Zulu da Kosa mai nufin mutuntaka, wadda aka raɗa wa wani reshen Linux a 2004, da Ushahidi, watau shaida da Sawahili, wadda 'yan Kenya suka fitar a 2008. Hausa ba ta gaza waɗannan harsuna ba. Kayan saƙa da na ƙira da na rini da na fatauci cike suke da sunaye masu daɗin faɗa waɗanda suka fara ɓacewa daga bakin yara. Amma akwai tarkuna huɗu.

Na farko, kalmar da ta faɗi aikin ƙarara. Wanda ya kira manhajar ƙamus "Ƙamus", ko ta fassara "Fassara", bai raɗa suna ba, ya faɗi jinsi ne kawai. Doka ba za ta ba shi ita shi kaɗai ba, kuma daidai ne kada ta ba shi. Haka nan sunan gari, kamar Kaduna ko Zariya.

Na biyu, haruffa masu ƙugiya. Rumbunan da ake ajiye manhajoji da yawa ba su karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna, adireshin intanet ma a aikace ba a sa su, mai neman abu a waya kuma ba ya wahalar da kansa. Saboda haka "Ƙira" za ta koma "kira", "Baƙi" ya koma "baki", "Ƙasa" kuwa ta koma "kasa", wanda ba fata ne mai kyau ga sabon aiki ba. Duk sunan da za a zaɓa sai a tuɓe masa ƙugiya a ga abin da ya rage.

Na uku, karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. A cikin jimla mahalli yana warware su, amma suna shi kaɗai yake tsayawa. Wanda ya rubuta "Kuka" yana nufin itaciya mai daɗewa, wani zai karanta hawaye. "Fara" tana iya zama somawa, ko launi, ko ƙwaron da ke cinye gona. "Wuya" da "Gari" da "Bara" duk haka suke.

Na huɗu, kalmar Hausa ce a wurinmu, amma jerin haruffa ce a wurin duniya, kuma wataƙila wani ya riga mu. KUKA kamfanin Jamus ne mai ƙera injunan masana'antu masu sarrafa kansu. Zuma sunan wani wasan kwamfuta ne da ya fito a 2003. Kano ma, a 2013 aka kafa wani kamfani a Landan mai wannan suna, yana sayar da kwamfutar da yara ke harhaɗawa da kansu, kuma ba birnin Dabo yake nufi ba, sunan wani Bajapane ne. Zango kuwa sunan wani kamfanin Amurka ne da ya yi ƙaurin suna wajen cusa wa mutane tallace-tallace a kwamfuta, har hukuma ta ci shi tara a 2006. Kasancewar kalma tamu ce tun kaka da kakanni ba ya ɗauke mana wajibcin bincike.

7.0 Tsoron shinge

Na san akwai masu ƙyamar wannan magana tun daga tushe. Suna cewa harshe gadon kowa ne, in aka koya wa yara yin rajistar kalmomin Hausa, gobe sai an biya kafin a yi magana. Tsoron nasu yana da dalili. Kamfanin Disney ya yi rajistar "Hakuna Matata" a Amurka domin tufafi, abin da ya tayar da ƙura a 2018. A Ingila ma wani kamfani ya yi rajistar kalmar "Yoruba" a 2015, sai da Yarabawa suka yi ca a kansa a 2021.

Amsa ita ce, tambari ba ya mallakar kalma, yana keɓe amfani da ita ne a kan wani rukunin kaya a wata ƙasa. An kasa kaya da ayyuka rukuni 45. Manhaja tana rukuni na 9, ayyukan kwamfuta suna na 42, yadi da atamfa suna na 24. Bazulu bai daina cewa ubuntu ba don kamfanin Canonical yana riƙe da ita a kan manhaja. Duk da haka ina tare da masu wannan tsoro a wuri ɗaya: akwai kalmomin da bai kamata a kusance su ba ko da doka ta yi shiru, kamar sunan harshen kansa, da kalmomin addini, da gaisuwa, da sarautun gargajiya. Misalan nan biyu ma sun nuna cewa in mu ba mu san dokar ba, wanda ya san ta daga nesa shi zai kafa shingen.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ga abin da muke ganin ya kamata mai raɗa wa buɗaɗɗiyar manhaja suna ya yi:

(a) Ya zaɓi sunaye uku ko huɗu, kada ya ƙwallafa rai a kan ɗaya, kuma kada ko ɗaya ya ƙunshi sunan wani kamfani ko wata manhaja.

(b) Ya rubuta su ba ƙugiya, ya ba mutanen da ba su san aikin ba su karanta da ƙarfi, har da Basakkwace da Badamagare, ya ji abin da za su ce.

(c) Ya bincika a intanet, da rumbunan manhajoji, da kasuwannin manhajar waya, da ofishin rajistar tambari da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya a Abuja. Ya sani cewa rajistar sunan kasuwanci a hukumar kamfanoni dabam take da rajistar tambari, haka nan sayen adireshin intanet.

(d) Ya tuna rajista ba ta ƙetare iyaka. Ta Nijeriya shekara 7 take yi da farko, sa'an nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, amma ba ta aiki a Maraɗi. Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda rajista ɗaya take game ƙasashe 17. Masu magana da Hausa kuwa suna kowane ɓangare na iyakar.

(e) A rubuta tun ranar farko wanda yake riƙe da sunan, da sharuɗɗan da wanda ya gyara manhajar zai cika kafin ya kira tasa da shi.

Ɗaliban nan nawa sun koma sun yi shawara, suka ɗauko sunan ɗaya daga cikin kayan masaƙa, kasancewar mahaifin ɗayansu tsohon ma'aikacin Kakuri ne. Yini biyu binciken ya ɗauke su, domin ba su riga sun saki aikin ba. Da sun bari sai bayan shekara uku, da abin da za su biya ya fi haka nesa. A nan ne nake ganin sassan Hausa na jami'o'inmu suke da rawar takawa. Mun daɗe muna nazarin sunayen yanka da laƙabi da na garuruwa, muna kuma ƙirƙiro kalmomin fannu. Lokaci ya yi da za mu zauna da masu rubuta manhaja da malaman shari'a a kan wannan sabon nau'in suna, mu tattara musu kalmomin sana'o'inmu tare da karin sautinsu da ma'anoninsu a kowane karin harshe. Magabata sun ce suna linzami ne, kuma tun kafin a hau ake duba ko na wane ne.